Ƙanwata Ta Ci Bak Da Sunan Marigayiya

Kun sani. Kada wanda ya rubuto mini a ƙasa ya ce “subhanallahi, ban taɓa jin irin wannan ba”, domin kun ji, kun gani, kun kau da kai. Wasunku ma kun sha koko a tsakar gidanmu a unguwar Didawure ranar da aka ɗaura wa ƙanwata ɗankwali aka sa ta a motar Dapaong. Kun ce kai, wannan shi ne zumunci. Shekara goma sha huɗu ke nan. Yau ni ce nake yawo da zumuncin naku a cikin jakar leda daga ofis zuwa ofis, kuma wallahi na gaji.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Hibatullahi, ’yar Malam Illiyasu dillalin shanu a Sokode. Bara na gama lisans, wato digiri, a fannin tarihi a jami’ar Lome, na dawo gida da takarda, har yau ba aiki. Akwai kuma Tajuddeen, direban motar fasinja tsakanin Sokode da Dapaong, wanda shekara biyu ke nan yana aiko mini da saƙon murya kowace safiya kamar mai karanta labaran rediyo. Gidanmu kowa ya amince da shi har kajin Mma. Ni kaɗai ce ban ce komai ba. Amma yau ba maganarsa ce a gaba ba, ko da yake zai kutso, don bai iya zama a gefe ba.

Maganar ƙanwata Raihana ce.

Mahaifiyarmu, Mma, da yayarta Inna Sayyada, daga Nijar aka kawo su suna ’yan mata. Mma ta auri Baba, haifaffen Sokode. Inna ta auri wani falken shanu, Hamadu, ɗan can garinsu, suka zauna a zangon Dapaong. ’Ya ɗaya Allah ya ba su, Jamila. Tana shekara shida, ana shirin sa ta lakwal, wato makarantar boko, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Inna ta daina cin abinci, ta daina magana. Sai Mma ta dubi ’ya’yanta biyar ta ɗauki ta huɗu, Raihana, mai shekara huɗu, ta ce a kai wa yayarta ta riƙa. Kun san yadda muke yi.

Da lokacin lakwal ya zo aka nemi takardar haihuwa. Raihana a gida aka haife ta, ba wanda ya je meri, ofishin magajin gari, ya rubuta ta. Jamila kuwa a asibiti aka haife ta, takardarta na nan sabuwa fil a ƙasan akwati, kuma ba wanda ya je ya ce ta rasu. Inna ta ɗauko ta miƙa wa darakta. Shi ke nan. Tun daga ajin farko har bak, jarrabawar kammala sakandare, da ta ci a watan Yuli, ƙanwata Jamila Hamadu ce. A Dapaong Jamila, idan ta zo hutu Sokode Raihana. Ni ma na sani. Na yi shekara uku a jami’a ina ɗaga murya a taro kan haƙƙin ’ya mace, ban taɓa zama na tambayi kaina me zai faru ranar da takardar nan ta ƙare aikinta ba.

Ranar ta zo wata Talata da hantsi. Ina tankaɗen garin masara wayata ta yi ƙara.

“Yaya,” muryarta ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan ɗaki take magana, “na je inda ake haɗa dosiye, takardun shiga jami’a. Sun ce dole sai da takardar zama ɗan ƙasa. Sun ce in kawo ta babana. Wane baban zan kawo?”

Na ajiye rariya na sake saurara. Hamadu ya rasu shekara biyar da suka wuce bai taɓa riƙe takardar Togo ba. Ta Nijar ɗin ma ba wanda ya san inda take. Inna ma ba ta da ko ɗaya. To Jamilar da ta ci bak ba ’yar Togo ba ce, ba kuma wanda zai iya nuna ’yar ina ce. Raihana kuwa ’yar Togo ce tsaf, babanta na da takarda, amma a idon hukuma ba a haife ta ba, balle ta shiga aji. Saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓar dosiye.

Na kira wata ƙawata da ta karanta shari’a. Ta ce hanya ɗaya ta sani, ba ta kuma yi mini alkawarin komai ba: a je tirbinal a Dapaong, Inna ta tsaya gaban alƙali ta ce ’yarta ta rasu, ta ce wannan da ta yi karatun ’yar ƙanwarta ce, a kawo shaidu, a roƙi a gyara.

Da Baba ya dawo daga kara, ya cire takalman robarsa a bakin ƙofa, na kai masa ruwa na durƙusa na faɗa masa.

“Kotu?” ya ce. “Mu mu kai kanmu kotu? Wa ya kai ƙara?”

“Ba ƙara ba ce, Baba. Gyara ne.”

“Hiba, ke kin je Lomen. Shekara uku muna aika miki da cukun wagashi da doya. Me kika dawo da shi?” Bai faɗa da zafi ba, shi ya fi ciwo. “Yarinya ta yi bak, alhamdu lillahi, ya isa. Ki bar Sayyada da abin da ya rage mata.”

Mma na gefe tana tsinke alayyafo, ba ta ɗago ba. “Ni dai kada a tayar mini da ciwon yayata. Kuma mutanen Tajuddeen sun sake aiko. Sun ce bayan Juma’a mai zuwa. Me zan ce musu?”

“Ki ce musu na tafi Dapaong.”

“A motar wa?” ta ce, sai a lokacin ta dube ni.

Motar wa kuwa? Kun sani.

Washegari da sassafe na sa doguwar rigar atamfa shuɗiya wadda ba ta nuna datti, na yafa baƙin mayafi, na sa takardar ɗan ƙasa ta Baba a leda biyu saboda ruwan sama. Ban sace ta ba. Na roƙa, ya tashi ya bar akwatin a buɗe. A tasha Tajuddeen ya riga ya ɗora jaka a kujerar gaba don kada wani ya zauna. Ya sa farar riga mai guga kamar mai zuwa ɗaurin aure, turarensa ya cika motar har wata tsohuwa a baya ta yi atishawa.

“Madam Lisans! Yau motata ta ɗauki ilimi. Fasinja, kowa ya gyara Faransancinsa.”

“Ka ja mota, Tajuddeen.”

“An ja, ranki ya daɗe.”

Muka bar Sokode cikin yayyafi. Da muka hau tsaunin Alejo sai Tajuddeen ya fara.

“Don Allah in tambaye ki, kada ki cinye ni. Me ke cikin jami’ar nan? Ni dai na sha sauke yara a bakin ƙofarta. Mutane kamar tururuwa, kowa da ’yar jaka, kowa a rame.”

Na so in share shi. Amma ya taɓo inda bakina ba ya iya rufuwa, don binciken da na yi a shekarata ta ƙarshe a kan tarihinta na yi shi. Na ce masa a 1970 aka buɗe ta, shekarar da aka haifi Baba. Lokacin sunanta Jami’ar Benin, ɗalibanta ba su kai dubu ɗaya ba, kuma ita kaɗai ce a duk ƙasar. A 2001 aka mayar da ita Jami’ar Lome. Ta Kara sai bayan nan aka buɗe. Yau ɗalibanta sun haura dubu hamsin, gari ce a cikin gari, da titunanta da masu sayar da wake da shinkafa da ’yan zemijan, masu acaɓa, a kowace ƙofa.

“Dubu hamsin! Duk su zama minista?”

“Duk su iya karanta abin da aka ba su su sa hannu.”

Na ba shi labarin anfi, babban zauren da ke cin mutum dubu. Yadda muke fitowa daga ɗakinmu a unguwar Adewi, mu huɗu a katifa biyu, mu isa kafin gari ya gama wayewa don mu ajiye littafi a benci ya riƙe mana wuri. Yadda malami ke can ƙasa kamar ɗan tsako, muryarsa kawai ke iso ka ta lasifika. Yadda na zauna kusa da ’yar Aneho da ɗan Bassar da wata ’yar ƙabilar Moba daga nan Dapaong ɗin, muna cin burodi ɗaya, ba wanda ya tambaye ni ’yar gidan wa ce. A can na fara jin cewa kaina nawa ne. Sai kuma abin da ya hana ni sakat: a ajinmu na shekarar farko mun fi dubu, na ƙirga ’yan matan zango, na Sokode da na Dapaong da na Lome duka, mu tara ne. Likitan da ke duba iyayenmu daga can ya fito. Alƙali daga can, mai binciken shanun Baba daga can. Shekara hamsin da ɗoriya ƙofar nan a buɗe, mu muna wucewa ta gabanta da tirela.

“To ai ga ki kin shiga,” ya ce a hankali. “Kina gida.”

“Ina gida. Amma ni ce na san wace ƙofa za a buga yau. Da ban je ba, da mu duka muna zaune muna cewa haka Allah ya so.”

Muka wuce Kara. Can wajen Kante ya rage rediyo, ya matso da kai.

“Akwai wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba. Kwana biyu, ya fito miki da takardar ɗan ƙasa da sunan Jamila, da hatimi da komai. Ba kotu, ba kukan tsohuwa. Ni zan ji da shi.”

“Takardar ƙarya.”

“Takardar taimako.”

“Da irin taimakon nan aka kawo mu inda muke! Ka ɗora ƙarya a kan ƙarya, yarinya ta yi shekara shida tana karatun haɗa maganin da take buri, ranar da aka gano a yage komai a gabanta?”

“A hankali, Madam, fasinja na ji.”

“Su ji!”

Tsohuwar baya ta ce, “Muna ji, ’yata. Ci gaba.”

Bayan Mango akwai shingen jandarmomi, kun san yadda arewa take yanzu. Aka sauke mu duka, kowa da katinsa a hannu. Jandarman ya karɓi takardun direba, ya duba hoto, ya duba fuska.

“Awal, lafiya? Yau ka makara.”

“Ruwa ne, shef.”

Da muka koma mota na zuba masa ido. Ya gyara madubi, ya gyara hula, ya goge gilashin da ba abin da ya same shi.

“Wane ne Awal?”

“Yayana. Yana Kumasi, ba ya bukatar ta nan.” Ya yi ’yar dariyar da ba ta kai ido ba. “Lokacin da zan yi lasin ba ni da takardar haihuwa, tasa na nan. Hoton dai nawa ne, ki duba, har na fi kyau.”

“Shekara biyu kana neman aurena ban san sunanka ba.”

“Kin san sunana. Gwamnati ce ba ta sani ba.”

Ba fushi ne ya kama ni ba, da ma fushin ne. Wata kasala ce ta sauko mini tun daga wuya. Na jingina kai da gilashi ina kallon gonakin gero, ina tunanin mutum nawa ne a cikin motar nan ke tafiya da sunan wani.

Gidan Inna na bayan kasuwar dabbobi, ɗaki biyu da rumfar kwano. Ta sayar da furar safe ta wanke ƙwarya ta kife. Ta rungume ni tana ƙanshin man shanu da hayaƙi, ta ce na rame, ta ce Lome ta cinye ni ba ta biya ba. A bangon ɗakin an manna sakamakon bak cikin leda, kusa da hoton Ka’aba. Raihana ta fito daga ɗaki da hijabi ruwan toka, doguwa ta fi ni, idanunta sun kumbura.

“Jamila, kawo wa yayarki fura. Ki sa mata nono sosai.”

Na bari na sha, na bari ta tambayi kowa da kowa har akuyar da ta haihu. Sannan na faɗa mata, da duk laushin da nake da shi, wanda kun san ba shi da yawa.

Ta saurara har ƙarshe tana murza bakin zanenta.

“Wato in je gaban mutane in ce Jamila ta mutu.”

“Inna, ai ta rasu.”

“Na sani. Ni na yi mata wanka.” Ta dube ni ido cikin ido. “Kina tsammani na haukace ne, Hiba? Na san wadda na haifa, na san wadda aka ba ni. Amma kowace shekara idan aka kawo takardar lakwal, aka karanta mini, Jamila Hamadu ta zo ta biyu, Jamila Hamadu ta wuce aji, sai in ji kamar ba a ƙwace mini duka ba. Ubanta ya tafi. Sunansa ba ya ko’ina a duniya sai a takardar nan.”

Duk jawabin da na shirya tun daga Sokode, na doka da na haƙƙi, ya tashi a banza. Amma ni ce, sai da na ce wani abu.

“To ita fa? Ita ba ta da suna ko’ina.”

“Me na rage ta da shi? Tambaye ta. Na taɓa cin abin da ban ba ta ba?”

“Ba a ce kin rage ta ba...”

“Kun zo ku karɓe ta ne. Ku faɗa kawai. Ta girma, ta yi ilimi, yanzu ta zama taku.”

Raihana na tsaye a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ta ajiye, ta zo ta durƙusa gaban Inna, ta dafa gwiwarta. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana a gaban babba ba.

“Inna, ba inda za ni. Ko na je Lome nan zan dawo hutu, ba Sokode ba, Yaya ta ji da kunnenta. A gidan nan ki kira ni yadda kika saba har ƙarshen raina, zan amsa. Amma na kai Jamila lakwal shekara goma sha uku. Na yi mata jarrabawa huɗu, ban faɗi ko ɗaya ba. Nan ne iyakar inda za su bar ni in kai ta. Daga nan ko ni in wuce, ko mu tsaya mu biyu.”

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannu a kan hijabin yarinyar ta bar shi a nan. Aka kira la’asar, ba wanda ya motsa. Can ta tashi da ƙyar, tana dafa bango, ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da lallausan leshinta na zuwa biki, ta miƙa wa Raihana.

“Ki goge mini. Ba zan je gaban alƙali kamar mai tallan fura ba.”

Na ɗauka an gama. Ku dubi wautata, har na aika wa ƙawata saƙo da alamar rawa.

Da safe Tajuddeen ya bar lodinsa ya kai mu tirbinal, ya tsaya a waje wai rana ta fi masa daɗi. Muka zauna a benci, Inna a tsakiya cikin leshi da gwaggwaro, limamin unguwa da wata maƙwabciya a matsayin shaidu. Magatakardan mutumin kirki ne, ya ba Inna kujera, ya saurare ni har na gama. Ya ce ba mu ne na farko ba, ba kuma mu ne na goma ba a wannan watan. Ya karɓi takardu, ya buɗe babban littafinsa, ya bi layi da yatsa, ya juya shafi, ya sake juyawa.

“Za a saurare ku nan da mako bakwai.”

“Mushe, saura kwana tara a rufe karɓar dosiye a jami’a.”

Ya juyo mini da littafin in gani da idona. Suna bayan suna, shafi bayan shafi, rabinsu irin sunayenmu. “Duk waɗannan suna gabanku, madmazel. Wa zan cire?”

Na mayar masa da littafinsa.

Yanzu ga abin da na zo in faɗa muku, ni mai yi wa mutane tsawa a mota. Na fito waje, na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, na ciro waya. Tajuddeen na tsallaken titi yana jingine da motarsa, amma kunya ba ta bar ni in je in faɗa da baki ba. Na rubuta masa: “Mutumin nan naka. Kwana biyu ka ce?”

Nan take ya amso: “Kwana biyu. In kira shi?”

Na rubuta “Kira shi.” Na tura. Alama biyu suka yi shuɗi.

Ban san Raihana na bayana ba sai da ta zare wayar daga hannuna. Ta karanta, ta sake karantawa.

“Yaya, ke?”

“Shekara guda ce za ki rasa. Kin san me shekara guda take yi wa yarinya a zango? Baba zai ce ya isa. Masu zuwa gaisuwa za su fara zuwa. Na ga yadda ake yi, an yi wa ƙawayena. Ki shiga tukuna, daga baya a gyara.”

“Haka Inna ma ta ce lokacin da ta kai ni lakwal. Daga baya a gyara.” Ta share hanci da bakin hijabi. “Tsohuwar nan ta sa leshi ta zo ta binne ’yarta karo na biyu saboda ni. In koma in ce mata a tono?”

Ta danna wayar ta kai baki. “Yaya Tajuddeen, Raihana ce. Kada ka kira kowa. Na gode.” Ta miƙo mini abina.

Daga tsallake na ga ya saurara, ya cire hula ya sosa kai, ya mayar da wayar aljihu. Bai zo ba, bai kuma tafi ba.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. An rufe karɓar dosiye. ’Yan ajinta sun sauka Lome, suna turo mata hotuna daga cikin anfi, tana sa musu alamar zuciya. Da safe tana taya Inna dama fura, da rana tana bitar littattafanta don kada su huce. Ba mu san me alƙali zai ce ba. Baba ya ce zai zo ranar zaman kotun, sannan ya ce zai duba, sannan ya ce ranar kasuwar Kambole ce. Mutanen Tajuddeen sun zo bayan Juma’a kamar yadda suka ce, Mma ta ba su ruwa da goro da haƙuri. Shi kuma saƙonsa na safe ya ragu zuwa “kin tashi lafiya”. Ban san ko fushi yake ba ko tunani. Ni ma ban san nawa ba.

Jami’ar na nan, badi ma za ta buɗe. Abin da ban sani ba shi ne ko za a bar mini ƙanwata ta kai badin.

Saboda haka kada ku turo mini addu’a da alamar hawaye ku wuce, na ƙoshi da su. Ki ajiye wayar nan yanzu, ki buɗe akwatin da kike ɓoye takardu. Kai ma, Alhaji, da kai nake. Ku ƙirga yaran da ke cin tuwo a gidanku, na cikinku da na riƙo, ku ƙirga takardun haihuwa, ku karanta sunan da ke kan kowace da ƙarfi a gaban mai ita. Wanda ba shi da ita, wanda ke riƙe da ta wani, ku kama hannunsa ku kai shi meri ranar Litinin, tun yana ajin farko, tun layin bai kai mako bakwai ba. Kuma idan kin san Malam Illiyasu dillali, idan ka taɓa sayen ko ɗan maraƙi a hannunsa, je ka same shi a kara ka ce masa kasuwar Kambole za ta sake ci. Ranar sha huɗu ga wata, ƙarfe takwas, a Dapaong ake bukatarsa.